Shekarar da Na Zama Idon Babanku

'Yar'uwarku Hadiza ce ta dawo daga biki a ƙauyen su babanku, can wajen Funtuwa, ta zo mini da maganar da na san wata rana sai ta iso kunnenku. Wai an ce mata ni na hana babanku komawa gida bayan ya rasa idonsa, na zaunar da shi bakin titi a Agege yana shan rana saboda son abin duniya, na raba shi da danginsa. Ban ba ta amsa a ranar ba, don ba magana ce ta tsaye ba. Babanku ba ya nan balle ya faɗa da bakinsa, Baffanku Hamisu ma ya rasu, saura ni kaɗai a cikin mu ukun. Shi ya sa na zauna na rubuta muku yadda abin ya kasance, ku karanta a tsanake, kowa ya yi hukuncinsa.

Ni a nan Agege ta Legas aka haife ni. Babana mahauci ne a abbatuwa, na tashi da Hausa da Yarabanci duka a bakina. Babanku Sani cirani ya kawo shi. Ya yi dako a Oyingbo har wuyansa ya ƙage, sannan Allah ya haɗa shi da wani dattijon Bayarabe a Isolo mai gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya cikinta, ya zauna a hannunsa ya koyi aikin. Da ogan ya sallame shi sai ya kafa rumfarsa kusa da layin dogo, aka riƙa ce masa Sani Mai Sanyi. Kayan aikinsa ba su da yawa: tukunyar gas, ɗan injin zuƙe iska, da geji mai agogo biyu, shuɗi da ja, da tiyo uku a jikinsa. Kullum da yamma sai ya goge su ya naɗe a tsumma, ko ni ba ya bari in taɓa.

A tsakiyar zafin bazara abin ya faru. Yana sa wa wata mota gas, ashe fankar gaba ta tsaya bai lura ba. Idan fanka ta tsaya ƙarfin gas taruwa yake a cikin bututu. Jan tiyon ya riga ya tsufa, ya fashe daidai inda ya sunkuyar da fuskarsa. Gas ɗin esi idan ya fito da ƙarfi sanyinsa ƙuna yake yi kamar wuta. Wani ɗan okada, mai haya da babur, shi ne ya zo ya same ni ina wanki, ya ce in hau kawai, kada in tambaye shi komai. Da aka kwance bandeji bayan makonni, likita ya ja ni gefe ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma haske da duhu kawai zai riƙa bambancewa.

Muka dawo gida, babanku ya juya fuska ga bango. Mutumin da tun daga bakin lungu ake jin dariyarsa, ya koma sai ka kira shi ka sake kira kafin ya amsa. Ku kuna ƙanana, kuna shigowa kuna leƙensa kuna fita a kan yatsun ƙafa. Na fara soya awara a ƙofar gida, muna lallaɓawa. A duk wannan lokacin Baffanku Hamisu ne ya tsaya mana, kuma ba zan ɓoye wannan ba don abin da ya biyo baya. Shi ya riƙe babanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kawo shi Legas. Dillalin raguna ne a kasuwar Alaba Rago da ke Ojo, ga Babbar Sallah ta matso, kasuwa ta kama, amma sai ya bar rumfarsa ya sha gosulo, wato cunkoson motoci, tun daga Ojo don ya zo ya zauna kusa da ƙanensa. Wata ranar Juma'a ya zo, ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Na gama magana da Inna," ya ce. Inna ita ce mahaifiyarsu, kakarku. "Bayan Sallah tirelolin da suka kawo raguna za su koma ba kaya. Na yi magana da direba guda, zai kwashe ku da kayan ɗakinku. Kayan aikin kuma na samu mai saye."



"Yaya," na ce, "makarantar yara fa?"

"Akwai makaranta a can. Rabi, Legas ba ta riƙe mai ido biyu ba balle marar ido. A gida ko ba komai ba za a bar shi da yunwa ba."

Na dubi babanku ina jira ya yi magana. Ya ce, "To, Yaya." Shi ke nan abin da ya faɗa. Ni kuwa na fara haɗa kwanukana a buhu, zuciyata kamar an ɗora mata dutse, don ban taɓa kwana a ƙauye ba. Amma na riga na sa a raina duk inda aka kai shi nan za ni.

Bayan kwana kaɗan, da rana kuna Islamiyya, sai na ji ya kira ni.

"Rabi, ɗauko mini gejin nan."

Na ɗauko. Ya kwance tsumman, ya shafa agogunan da yatsa kamar mai shafa kan jariri. Ya ce in faɗa masa wanne ne shuɗi, wanne ne ja, ina allurar kowanne take. Na faɗa. Ya sa na ja shi zuwa bayan gidanmu inda wata matacciyar motar maƙwabcinmu ta daɗe a ajiye, ya lalubo ya buɗe bonet. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wani bututu mai kauri, ya ce nan shuɗi yake shiga. Ya ɗora a kan siriri, ya ce nan ja. Ya nuna mini inda allurar ja take zama idan komai lafiya, da inda idan ta wuce sai a gudu. Kullum idan kun fita sai mu koma wurin motar nan, in ɗaura in kwance, in ɗaura in kwance. Ni a zatona yana ban kwana da sana'arsa ne. Na ga ya fara cin abinci, ya fara magana, sai na biye masa. Gas dai ban yarda mun taɓa ba, don ko fasa kwalbar lemo aka yi kusa da ni, ƙarar iskar nan sai ta sa gabana ya faɗi.

Iya, mahaifiyata, ta zo wata rana ta same ni da kai cikin bonet, hannu duk baƙin mai. Ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Rabi, me nake gani? Matar aure da 'ya'ya uku?"

"Malam nake ɗebe wa kewa, Iya."

"Ki ɗebe masa a ɗaki. Unguwar nan bakinta ba ya rufuwa."

Sallah ta zo ta wuce. Soyayyen nama bai gama ƙarewa a gidaje ba Yaya Hamisu ya aiko cewa a kai kayan aikin rumfa da hantsi, zai zo da mai saye, tirela kuma za ta tashi washegari. Na ce zan kai. Babanku ya ce tare za mu. Tun da aka sallame shi daga asibiti bai fita cikin unguwa ba sai ranar. Ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya dafa kafaɗata, muka bi ta cikin unguwa ana ta yi masa sannu, ni ina ɗauke da tukunyar gas a ka. Muka tarar da Yaya da wani matashin makanike yana jira. Ana cikin gaisawa sai ga motar Alhaji Mudi ta tsaya a gaban rumfa. Alhaji Mudi babban dillalin shanu ne, tsohon mai kawo wa babanku aiki. Yana da yarinya mai ciwon sikila, zafi ba ya yi mata daɗi ko kaɗan, kuma yakan kai ta asibiti can cikin gari, su yi awoyi a gosulo. Ya fito ya ba babanku hannu.

"Malam Sani, ga ni. Saƙonka ya same ni. Gobe zan kai yarinyar, motar kuwa iska mai zafi take busowa."

Yaya ya juyo. "Wane saƙo?"

"Ni na aika a kira shi," babanku ya ce. "Yaya, ka bar ni in yi aiki ɗaya kafin a kwashe kayan."

"Da wane idon?"

"Da na Rabi."

Ku ji da kyau, don nan ne maganar take. Wallahi ban san ya aika ba. A wurin na ji, tare da kowa. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Malam, ka rufa mini asiri, ban taɓa yi da gas ba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani farin gilashin kare ido, sabo, ban san yaushe ya sa aka sayo masa ba. Ya ce a hankali, "Sa wannan. Idan kin ce ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki a rai ba, gobe mu hau tirela." Na dubi fuskarsa, tabon ƙunar bai gama washewa ba. Na karɓi gilashin.

Ya ce in cire mayafi kada bel ɗin inji ya kama shi. Na cire na ɗaure a ƙugu, na bar ɗankwali. Kafin in ɗago mutane sun taru, 'yan okada, masu shayi, mata masu dawowa daga kasuwa. Ina jin wani yana cewa da Yarabanci, "Ku zo ku ga abin mamaki." Yaya ya harɗe hannu a ƙirji, fuskarsa babu annuri. Na ɗaura shuɗi a mai kauri, sabon jan tiyon da ya maye wanda ya fashe a siriri, babanku ya laluba ya ƙara matse su. Muka sa inji ya zuƙe iskar ciki, muka jira, allura ba ta motsa ba. Babanku ya ce babu babbar ɓaraka, Alhaji ya shiga ya tayar da mota ya kunna esi. Alhaji ya shiga, ya ja ƙofa, ya ɗaga gilasai don ya ji shigowar sanyin.

"Buɗe shuɗi kaɗan," babanku ya ce. "Kaɗan na ce. Ja kuwa kada ki kusance shi."

Na murɗa. Gas ya fara tafiya da wannan ƙarar da na tsana. Wani abu ya yi ƙas a cikin injin, babanku ya yi murmushi ya ce kwamfuresa ta kama. Tafin hannunsa yana kan bututu mai kauri, ya karkata kai yana saurare. Ni kuma idona yana kan agogo.

"Ja yana hawa, Malam."

"Dole ya hau. Ya kai ina?"

"Ya kusa inda ka nuna mini."

"Yanzu fa?"

"Ya wuce. Malam, ya wuce, bai tsaya ba!"

Daidai lokacin jirgin ƙasa ya taho. Kun san yadda yake bi ta Agege, ƙaho da rugugi, ƙasa tana girgiza. Na ga bakin babanku yana motsi, ban ji abin da yake cewa ba. Ashe cewa yake ba ya jin fanka. Da ƙarar jirgi ta hana shi ji, sai ya yi abin da ya saba yi tun yana da ido, ya sunkuya ya kai fuskarsa cikin injin, kusa da jan tiyon da na ga ya miƙe ya yi tauri kamar sanda. Na rufe shuɗi da sauri. Allurar ba ta fasa hawa ba. Na ƙwalla wa Alhaji kira ya kashe mota, yana ciki gilasai a rufe, yana kallon gabansa. Na saki gejin na ruga na riƙa dukan gilashin da hannu biyu. Ta gefen ido na ga Yaya ya yi tsalle ya cafki rigar babanku ta baya ya fizge shi, suka zube ƙasa tare. Alhaji ya juyo a firgice ya murɗa makulli. Mota ta mutu. Jirgi ya wuce. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai hucin injin, allurar tana saukowa a hankali.

Yaya ya miƙe, hularsa a ƙasa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar babban mutum irin na ranar ba. Ya nuna ni da yatsa.

"Ƙarasa shi kike so ki yi? Idon da ya rage masa kike nema?"

Na durƙusa kusa da babanku, farar rigarsa duk ƙasa, na ce, "Malam, ya isa. Mu tafi gida. Na yarda da tirelar."

Bai ko juyo wajena ba. Ya ce, "Fanka ce. Ita ta ci idona, ita ce kuma yau. Kama ni in tashi."

Na kama shi. Ya lalubi gaban motar, ya zura hannu ta bayan fankar yana bin waya da yatsa har ya tsaya a wani wuri. Ya ce in duba in gaya masa. Na ce mahaɗin wayar ya saki, bakinsa ya yi kore. Ya ce in kankare da wuƙa in mayar in danna sai na ji ya kama. Ina cikin yi Yaya ya zo ya tsaya a kansa.

"Sani, ka fita daga jikin motar nan. Ni nake maka magana."

Babanku ya miƙe tsaye, ya juya inda muryar take.

"Yaya, kai ka riƙe ni tun ina yaro, ban taɓa ce maka a'a ba. Idan na hau tirelar nan, a zaure za a ajiye ni, a riƙa miƙo mini kwano har in mutu, 'ya'yana suna kallo. Kaina bai makance ba, hannuna bai makance ba. Yau dai ka yi haƙuri da ni."

Ya ce Alhaji ya sauke gilashi ya sake tayarwa. Ni na so in gudu, amma na ga ya mayar da tafinsa kan bututun, sai na koma na ɗauki gejin. Mota ta tashi. Fanka ta yi wani ɗan jinkiri da har yau idan na tuna sai numfashina ya tsaya, sannan ta juya. Allurar ja ta hau, ta kai wurinta, ta tsaya cak. Na ci gaba da buɗewa ina rufewa, ina faɗa masa, har ya ce bututun ya yi sanyin da yake so, in rufe duka. Ruwa ya fara ɗiga a ƙarƙashin motar. Alhaji Mudi ya leƙo ya ce, "Malam Sani, sanyi ya zo."

'Yan okada suka yi ta tafi. Yaya bai yi ba. Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya ba matashin makaniken haƙuri ya sallame shi. Sannan ya dube ni, ya dubi ƙanensa.

"Na san wannan ba shawararka ba ce. Tunda maganar mace ka zaɓa, ka zauna da ita. Ni na sauke nauyina."

Babanku ya bi shi da kira, "Yaya! Yaya!" Bai waiwayo ba. Abin da ya gani ya kai gida, kuma na san a zuciyarsa ya yi imani da shi, don bai taɓa tunanin Sani zai iya ƙin maganarsa da kansa ba.

Tirela ta tafi ba mu. Na kwance buhunan kwanuka. Tun daga ranar kullum da safe sai ya dafa kafaɗata mu tafi rumfa, shi hannu da kunne, ni ido. Ba da sauƙi ba. Wasu idan suka ga mace riƙe da geji sai su juya mota. Iya ta yi watanni ba ta taka gidanmu ba. A wurin biki idan na miƙa hannu a kwano sai in ga ana kallon faratana. Babanku ya yi ta aika wa Yaya gaisuwa, ba amsa. Ya so zuwa gida ya ga Inna, amma yana jin nauyin ya je alhali babban wansa yana fushi da shi, sai ya riƙa cewa bari dai Yaya ya huce tukuna.

Yana cikin wannan jiran, wata rana muna kan aiki, wani mai kawo raguna ɗan ƙauyensu ya tsaya a rumfa ya kama hannunsa.

"Malam Sani, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin me?"

Mutumin ya dube ni, ya gane ba mu sani ba. Inna ta rasu, har an yi sadakar uku. Yaya ya je ya dawo, ba wanda ya aiko mana. Babanku ya zame ya zauna a kan benci. Na sallami mai motar, na naɗe kayan. Da muka isa gida na kasa riƙe abin da ke raina.

"Malam, da mun tafi, da a hannunka za ta cika."

"Na sani," ya ce. "Tun ranar da na aika a kira Alhaji Mudi na san zai iya zuwa da haka. Kada ki ɗora wa kanki. Ni na zaɓa." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Gobe ki kai ni Alaba Rago. Uwarsa ce ta rasu, dole in yi masa gaisuwa."

Muka hau danfo, ƙaramar bas ɗin haya, tun da safe. Ina jan shi tsakanin turakun raguna har muka iso rumfar Yaya. Yana zaune a tabarma da carbi, ya rame. Ya ɗago ya gan mu. Na tsayar da babanku a bakin tabarmar na ja da baya, don ban san ko a gaban mutane zai kore mu ba. Babanku ya yi sallama. Yaya ya dube shi. Sannan ya matsa gefe, ya miƙo hannu ya kama nasa, ya zaunar da shi kusa da shi, suka haɗa kai suna kuka kamar yara.

Ni kuwa Yaya bai dube ni ba, a ranar ko bayanta, har ya bar duniya. Na koma can gefe na tsaya a rana, raguna suna ta kuka a kewaye da ni, ina jira su gama in mayar da mijina gida. Kuma Allah ne shaidata, ban ji haushin kowa ba.